Harafi Ɗaya a Rigar Mutuminmu

Zayyad ya zama Ustaz ne a filin jirgin sama. Ya taɓa yin wata uku a wata ƙasar Larabawa yana jiran gurbin karatu da bai samu ba, ya dawo Kano da jallabiya biyu, da kwalbar turare, da wata "ya'ani" da yake cusawa a tsakiyar kowace magana. 'Yan tarba suka ce masa Ustaz cikin wasa, shi kuma bai yi dariya ba. Sunan ya zauna. Da wannan suna ne Alhaji Maidaji, babban dilan yadi a Kantin Kwari, mai karantar da 'yan kasuwa bayan la'asar, ya ba shi 'yarsa Firdausi, sannan ya turo shi Guangzhou ta ƙasar Sin ya riƙa saya masa kaya. A ganin Alhaji, garin da ba a kiran salla da lasifika yana bukatar mutum mai Larabci.

Larabcin Zayyad irin na yawancin mutanenmu ne. Duk abin da aka rubuta zai karanta, har da ƙira'a in ana so. Abin da rubutun yake cewa kuwa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne.

A shekarar aka yi zaɓe a wata ƙasar Larabawa, wani mai gemu daga jam'iyyar masu kishin addini ya ci. A unguwar Dengfeng da ke Guangzhou, a gidan abincin Ramatou da ke saman shagon wayoyi, ba a kiran sunansa, Mutuminmu ake cewa. Babu wanda ya jefa masa ƙuri'a cikin masu cin tuwo a wurin, babu wanda zai iya nuna ƙasar a taswira ba tare da ya yi lalube ba, amma ranar da aka rantsar da shi sai da Zayyad ya sa aka ƙara wa kowa nama.

Wata shida bai cika ba mutanen ƙasar suka cika babban dandalin birninsu. Ba burodi, ba mai, ba wuta. Sojoji suka fara fitar da sanarwa cewa suna ƙaunar jama'a ƙwarai. Duk wanda ya girma a Nijeriya ya san abin da ke biyo baya idan soja ya fara ƙaunar jama'a.

Talabijin ɗin Ramatou tana maƙale a bango tsakanin fanka da kalandar wani kamfanin jigila, kuma kullum da rana tashar Larabawa ake kamawa, domin Zayyad ya fassara. A ƙarƙashinta Saje Dogara yake zama. Tsohon soja ne, ya bar kaki ya koma harkar kago, shi ke ɗora wa rabin 'yan Kanon unguwar kaya a jirgi. Ba shi da ra'ayi a siyasar Larabawa, sai dai duk inda ya ga tankar yaƙi zuciyarsa takan yi sanyi.

"Akaramakallahu, me wannan mai jan wuyan yake cewa?" in ji Dogara, yana nuna wani janar da cokali.

"Ya'ani, yana cewa suna tare da shugaba," in ji Zayyad.

"Haka fuskar wanda yake tare da mutum take a can? Mu a barikinmu in Oga ya yi wannan fuskar, wanka muke yi mu ɗaure takalmi."

"Saje, zaɓarsa aka yi. Ƙuri'a ce."

"Ni ma ai zaɓata aka yi na je bakin daga, ba a tambaye ni ba. Waɗancan da suka cika fili fa, me suke ihu?"

"Addu'a suke masa. Wasu kaɗan ne 'yan haya."

Dogara ya dubi allon. Mutane sun cika shi daga wannan gefe zuwa wancan, har kan gada da saman fitilun titi. "To wanda ya ɗauko hayar nan a ba ni lambarsa," in ji shi. "Yana da kaya da za a ɗora."

Ramatou ba ta sa baki a irin wannan. 'Yar Maraɗi ce, ta kusa hamsin, kuma kafin ta zo Sin ta yi shekara takwas tana aikatau a gidajen Larabawa. Ba ta taɓa gaya wa kowa tana jin Larabci ba, don ba wanda ya taɓa tambayarta. Zayyad dai ya sha yi mata nasiha a kan waƙoƙin da take sawa a kicin, da kuma ɗankwalinta da yake zamewa idan tana tuƙa tuwo.

Ana cikin haka Alhaji Maidaji ya kira daga Kano. Shi da almajiransa na kasuwa za su yi gangamin goyon bayan Mutuminmu, Juma'a ta sama, daga masallaci zuwa filin makaranta. Yana son riguna dubu uku, baƙaƙe, da hoton shugaban a ƙirji da kalmar Larabci mai ratsa zuciya a ƙasa.

"Kai ne mai harshen," in ji Alhaji. "Na gaya wa mutane surukina ne zai zaɓo kalmar. Kada ka ba ni kunya."

Zayyad bai sha wahala ba. A wayarsa ya samu hoto da ke ta yawo: fuskar Mutuminmu, ido a lumshe, baki a ɗan buɗe, a ƙasa kuma kalma ɗaya da jan rubutu mai kauri. Ya ga alif, ya ga ra, ya ga ha, sauran sai zuciyarsa ta ƙarasa masa. Irham. Ka ji ƙai. Kalmar da yake faɗa bayan kowace salla idan yana yi wa iyayensa addu'a. Lumshe idon ya ɗauka khushu'i ne, jan rubutun kuma ƙauna. Ya sayi rigunan a wani shago da ke bayan kasuwar Baima, ya kai su garin Xintang wurin Mista Liang, mai buga tambari a aljihun wandon jins. Aka buga samfuri guda, Zayyad ya ba wani mai komawa gida ya kai wa Alhaji. Bayan kwana biyu saƙon murya ya zo: "Masha Allah. Ilimi ba ya ɓuya. A buga duka."

Ranar Litinin aka gama bugawa. Zayyad ya zari guda, ya ɗora ta a kan jallabiyarsa, ya hau benen Ramatou da azahar yana tafiya a hankali don kowa ya samu rabonsa na kallo.

Ramatou ta fito da kwanon miya, ta tsaya. Ta dubi ƙirjinsa, ta dubi fuskarsa, ta ajiye kwanon a hankali.

"Ustaz, kai ma ka bar shi?"

"Na bar wa, Hajiya?"

"Mutumin naku. Bon, ni ba ruwana, amma jiya-jiya kake cewa 'yan haya ne."

"Addu'a ce wannan. Irham. Ya'ani, Allah ka ji ƙansa."

"Wannan ba mim ba ce, lam ce. Irhal." Ta goge hannu a zani. "Ni ban yi makaranta ba, amma wannan kalma na san ta kamar sunana. Gida huɗu aka hwaɗa mini ita. Tahi. Kwashe kayanka ka ba mu wuri. Har a ƙohwar ɗakinmu mai gida ya taɓa rubuta ta da jan fenti."

Zayyad ya buɗe baki zai kawo bayani daga nahawu, sai Allah ya sa mai ɗaukar hoton tashar ya matso da kyamara cikin taron. Ga wata tsohuwa ɗauke da kwali. Hoton nan ne, ido a lumshe, baki a buɗe, jan rubutu a ƙasa. A ɗaya hannun tana riƙe da takalmi, tana dukan fuskar da shi bi da bi, dandalin kuma gaba ɗaya yana amsa kalma guda mai gaɓa biyu. Ko wanda bai taɓa shiga makarantar allo ba zai ji cewa da lam take ƙarewa.

Mutum uku ne kawai a ɗakin, wannan ita ce rahamar da aka yi wa Zayyad a ranar. Dogara ya ajiye cokali, ya sha ruwa, ya goge baki, duk a tsanake.

"Akaramakallahu," in ji shi, "wannan baiwar Allah da takalmi, ita ma addu'ar take yi?"

Zayyad ya cire rigar, ya juya ta ciki waje, ya zauna a kanta. A ransa yana ganin mutum dubu uku sun fito daga masallaci a Kano, surukinsa a gaba, kowa ƙirjinsa na cewa shugaba ya kwashe kayansa. A cikin dubu uku ba za a rasa ɗaya da ya yi karatu da gaske ba. Daga nan hoto zai shiga waya, daga waya ya shiga Kantin Kwari, kuma a Kwari ba a mantuwa. Ba Ustaz, ba wakilcin Sin, Firdausi ma sai abin da hali ya yi.

"Saje, yaushe jirgin?"

"Kaya su shiga sito Laraba kafin sha biyu, in kana so su kwana a Kano kafin Juma'a." Dogara ya matso da kujera. "Amma tsaya. Akwai wani Balarabe a unguwar Xiaobei, ɗan can ƙasar ne, 'yan'uwansa duk suna cikin filin nan. In ya ga rigunan nan zai kwashe su yau, ko tayi ba zai yi ba. Ka ce wa Alhaji kwastan sun riƙe kaya. Kwastan ai don irin wannan ranar aka yi su."

Za a yi wa Zayyad adalci a nan: ya yi tunanin abin na tsawon lokacin da mutum zai cinye loma uku. Abin da ya hana shi ba duka aƙida ba ce. Ya san Alhaji yana da ɗan'uwa a kwastan.

"Ba zan sayar wa maƙiya addini makami ba," in ji shi.

"Kai dai ka ƙera musu, sayarwa ce haramun," in ji Dogara.

Washegari da safe Zayyad ya kama hanyar Xintang. Masana'antar Mista Liang tana hawa na uku a wani gini da ruwan shuɗi ke bin lambatunsa. Rigunan suna ɗaure dami-dami har rufi, Mutuminmu dubu uku, kowanne ido a lumshe.

"Lawban, akwai matsala," in ji Zayyad da ɗan Turancin kasuwa da suke haɗuwa a kai. Lawban shi ne Oga a bakin Sinawa.

Mista Liang ya ɗauko waya, ya buɗe hoton da Zayyad ya turo masa, ya ɗora kusa da riga. "Matsala meyo," in ji shi. Meyo ita ce babu, kuma ita ce kalmar farko da kowane Bakano yake koya a garin. "Iri ɗaya. Kai ka ba ni."

Gaskiyarsa ce, kuma ba abin da ya fi wannan ciwo. Zayyad ya nemi takarda ya rubuta kalmomin biyu, ɗaya a saman ɗaya. Mista Liang ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Mutumin da ya haddace haruffa dubbai tun yana yaro, ya ce shi bai ga bambanci ba.

Zayyad ya waiga, ya ga ƙugiyar da ake rataye wanduna, ya ɗauko. Ya leƙa inda ma'aikata ke cin abinci, ya aro ludayin miya. Ya ɗaga ƙugiya ya nuna ƙarshen kalmar da ke rigar, ya girgiza kai. Ya ɗaga ludayi, kai sama, mariƙi ƙasa, ya gyaɗa kai.

"Ƙugiya ba kyau, ludayi kyau," in ji Mista Liang, fuskarsa ta washe. Ya ce abu ne mai sauƙi tunda rigunan baƙaƙe ne: a shafe ƙugiya da baƙin fenti, in ya bushe a buga ludayi a kai. Sai dai ma'aikata za su bar wani aikin, kuma barin wani aikin yana da nasa hukunci. Zayyad ya amince da hukuncin bai ko nemi ragi ba, abin da ya sa Mista Liang ya dube shi da tausayi, ya zuba masa shayi.

"Ƙugiya me take nufi?" in ji shi.

"Tafi."

"Ludayi fa?"

"Ka ji tausayi."

Mista Liang ya dubi fuskar da ke rigar. "Wannan mutum, tafiya zai yi ko tausayi yake so?"

"Tausayi."

"To." Ya cire tabarau. "Allon da muka buga ƙugiya da shi, kana bukatarsa? Akwai wani kwastoma, shi ƙugiya yake so."

Zayyad ya gane cewa Saje Dogara bai kwana da labarin a cikinsa ba. Ya ce a yi yadda aka ga dama da allon, shi bai gani ba, bai ji ba.

Laraba da sha ɗaya da rabi kaya suka shiga sito. A ranar ne janar mai jan wuya ya ba shugaban wa'adi ya sasanta da jama'a, ko kuma soja su taimaka masa. Alhamis suka taimaka masa. Aka nuna tankoki a ƙofar fada, aka nuna dandali ana wasan wuta, aka ce Mutuminmu yana wani wuri mai aminci da ba a faɗi sunansa ba. A gidan Ramatou ranar ba wanda ya nemi fassara. Dogara ma bai yi tsiya ba, ya ce kawai shi ya taɓa gadin irin wannan wuri mai aminci, ba taga a ciki.

Juma'a da la'asar, lokacin da hantsi ya fara a Kano, wayar Zayyad ta yi ƙara yana tsakiyar cin shinkafa. Alhaji Maidaji mutum ne da ya yi imani cewa Sin tana da nisa, don haka sai an ɗaga murya. Duk ɗakin ana jin sa.

"Ustaz, an cuce ka. Mun buɗe kaya, ba su yi daidai da samfuri ba."

"Allah ya gafarta Malam, ta ina?"

"Samfuri lam ce a ƙarshe. Waɗannan mim ce. Mutanen nan sun ga ba ka duba ba sun canja maka harafi."

Zayyad ya ajiye cokali. "Baba, ashe kun lura lam ce?"

"Wane irin na lura? Kwana uku na yi ina karantar da ita bayan la'asar. Irhal, daga rihla, wato tafiya. Ci gaba da tafiya, kada ka tsaya, muna bayanka. Har na ce wa mutane su dubi zurfin yaron nan, wani da sai ya rubuta doguwar jimla. Na sa mai fenti ya rubuta ta a ƙyalle yadi goma, shi za mu riƙe a gaba. Yanzu ƙyalle na cewa ci gaba, riguna na cewa Allah ya ji ƙai, kamar mun fito jana'iza."

Ramatou ta fito daga kicin ta jingina da ƙofa, ludayi a hannu. Dogara ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa.

Hanyoyi biyu ne a gaban Zayyad, kuma duka ya gan su sarai. Ya gaya wa surukinsa cewa kwana uku ya yi yana koya wa Kantin Kwari yadda ake korar ɗan haya, su nutse tare. Ko ya yi shiru, ƙyalle yadi goma ya fita titi, wani ɗalibin jami'a ya ɗauki hoto. Ya dubi talabijin, inda ake sake nuna tankokin, ya gyara murya.

"Baba, ba Sinawa ba ne. Ni na sa aka canja."

"Kai? Da izinin wa?"

"Ya'ani, fassararku ita ce daidai, ba a ja da ita. Amma ita ci gaba da tafiya ana faɗa wa wanda yake kan hanya ne. Ranar Litinin na dubi al'amarin, na ga mutumin nan tafiyarsa ta ƙare. Na ce ranar Juma'a ba abin da zai bukata sai rahama. Shi ya sa na tafi da kaina aka mayar da ita mim."



"Ranar Litinin?" in ji Alhaji, muryarsa ta sauka. "Kafin sojan su yi magana?"

"Kafin su yi."

"Wa ya gaya maka?"

Zayyad ya saci kallon Ramatou. "Wani bawan Allah ne aka nuna mini ta hanyarsa, Baba. Ba ya son a ambace shi."

"Allahu akbar," in ji Alhaji a hankali. Aka ji yana gaya wa na kusa da shi cewa tun Litinin yaron ya gani. "To ƙyallen fa?"

"A naɗe shi, Baba. A sa a can ƙasan sito, kada kowa ya gani, kada a ɗauki hoto. Yanzu in an ce masa ci gaba da tafiya, maƙiya za su ce da wata manufa aka faɗa. Kun san su da murɗa magana."

"Na san su. Samfurin ma zan ɓoye. Allah ya ƙara basira, Ustaz. Firdausi na gaishe ka."

Da aka kashe waya Dogara ya sauke hula, idonsa jawur. "Akaramakallahu, ni dai a duba mini, kwantenata ta Apapa za ta fito wannan watan?"

Zayyad bai kula shi ba. Ya juya wajen Ramatou, ya yi ƙasa da murya. "Hajiya, wannan magana in ta tsaya a ɗakin nan, ya'ani…"

"Bawan Allah ba ya son a ambace shi," in ji ta. Ta koma kicin, ta ƙure waƙarta har fankar bango na amsawa, ɗankwali ya zame zuwa ƙeya, ba wanda ya yi nasiha.

Labari ya riga jirgi dawowa. Kafin magariba wasu 'yan Kano huɗu da suka sauka a makon suka hau benen suna tambayar ko nan ne ake samun Ustaz ɗin da ya hango juyin mulki. Kujeru shida ne a gidan, uku ne kawai babu kowa a kai, kuma Zayyad ya daɗe da gama cin abinci. Ramatou ta zo ta ɗauke farantinsa, ta goge teburin, ta risina kaɗan kamar yadda ake yi wa malamai.

"Ustaz, ga baƙi za su ci abinci," in ji ta. "Irhal."

Zayyad ya miƙe ya ba su kujera. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambaye shi me ta ce.

"Addu'a ce," in ji shi.

Baƙin suka shafa.